Adabin Kuɗin Goro: Ina Marubutanmu Suka Kai Alƙali?

Yau da 'yan'uwana marubuta nake, musamman matasan da suka yi ca a kan labaran 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane, waɗanda ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, wasu kuma a karanta su a YouTube mata na saurare suna tuƙin tuwo. Ban ce kada a rubuta ba. Abin da ya hana mu barci dole ne ya shiga littafi, in ba haka ba mene ne amfanin alƙalamin? Ƙorafina a kan yadda ake rubutawar ne. A shekarun 1990 Malam Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa irin rubutunmu sunan Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta kai ruwa rana a jaridu, mu da muka taso daga baya muka gaji sunan muna cin abinci da shi. To ni ma yau zan raɗa wa wannan sabon yayi suna, Adabin Kuɗin Goro, domin aikinsa shi ne ya ɗauki laifin mutum goma ya raba wa mutum miliyan.

Na karanta da dama daga cikinsu, wasu ma masu su ne suka aiko mini in duba musu, kuma kusan duk zubinsu ɗaya ne. Akwai yarinya kyakkyawa 'yar gidan mutunci, akwai saurayinta soja ko ɗan sa-kai. Sai a tare hanya a sace ta. Su waye suka sace ta? Marubucin ba zai ce wane ɗan wane ba, sai dai ya ce "wasu Fulani", ya sa musu rawani da gurɓatacciyar Hausa, shi ke nan ya gama siffanta su. Ba su da uwa, ba su da gari, ba a san yadda aka yi suka shiga daji ba. Daga nan saurayi zai tara abokansa su faɗa wa ruga ta farko da suka tarar, a ƙona bukkoki, a ɗauko yarinya, a sha biki. A ɗaya ɓangaren kuma na ga 'yan kaɗan da suka juya hoton, inda kowane ɗan sa-kai mashayin jini ne, kowane manomi mahassadi, shi kuwa na daji bawan Allah ne da aka zalunta har ya rasa yadda zai yi. Duka biyun jirgi ɗaya ya kwaso su. Kuma a cikinsu duka, daga shafin farko har zuwa tammat, ba za ka ji an ambaci kotu ba. Babu shaida, babu lauya, babu alƙali. Ina muka kai shi?

Magabatanmu ba haka suka bar mana aikin ba. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi yaron ƙauye taki-taki har ya nuna mana yadda birni ya mayar da shi ɓarawo. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito a 1982, babban mai laifinsa Alhaji Gabatari ne, ɗan fasa-ƙwauri mai babbar riga wanda gari ke zube wa gaisuwa. A shekarar dai Bature Gagare ya fito da Ƙarshen Alewa Ƙasa, ya ba mu Mailoma, Bamaguje, mugu na ƙin ƙarawa, amma wanda ya karanta littafin da hankali ya san da Mailoma yake faɗa, ba zai fita ya nemi Bamagujen unguwarsu da sanda ba, domin an nuna masa mutumin da ƙuruciyarsa da abin da ya same shi. Ko littattafan James Hadley Chase da yayyenmu suka yi ta wawaso a kansu, waɗanda da yawanmu daga nan muka koyi jan zaren labari, kowane ɗan fashi a ciki yana da suna da dalilinsa da rauninsa. Yanzu da masifar ta shigo har tsakar gidanmu, a ce a lokacin ne za mu mance da wannan darasi?

Ni mutumin Boɗinga ne, dangin mahaifiyata kuma suna Shagari, saboda haka titin nan da ya tashi daga Sakkwato ya ratsa ta wurinmu ya nufi Tambuwal da Jega na san shi kamar yunwar cikina. Ina so duk marubucin da ya iya rubuta "wasu Fulani" ba tare da hannunsa ya yi rawa ba ya zo ranar kasuwa ya tsaya bakin wannan titi, ya ware mini Bahaushe gefe, Bafillace gefe. Sarkin Kabin Yabo jinin Muhammadu Moyijo ne, Bafillace, ga shi kuwa sarautar da sunan Kabi take. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, Bafillace ne, amma da ya tashi wallafa Waƙar Nijeriya lokacin yana malamin makaranta da Hausa ya yi ta. A gida ɗaya za ka tarar kaka Basulluɓa ce, suruka Bagobira, maƙwabci Ba'adare, mai shagon bakin titi Bazabarme. A irin wannan ƙasa, wanda ya ce zai yi wa wata ƙabila kuɗin goro, to ya fara da ɗakin kakarsa.

Kada wani ya ce ai labari ne kawai, wasa ne. Mu a jihar Sakkwato mun ga inda wannan tunani yake kai mutane. A watan Oktoba na 2021 'yan sa-kai suka shiga kasuwar Mamande a ƙaramar hukumar Gwadabawa suka kashe Fulani fiye da goma, har da wani limami, ba tare da an gurfanar da ko ɗaya daga cikinsu gaban kowa ba. Kafin watan ya ƙare 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka riga mu gidan gaskiya, masu saye da sayarwa waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A watan Disamba aka tare motar matafiya a Gidan Bawa ta ƙasar Sabon Birni aka cinna mata wuta da mutane a ciki, 'yan sanda suka ce 23 ne suka ƙone. Gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta haramta ƙungiyar 'yan sa-kai a ƙarshen wannan shekara. Dubi jerin nan da kyau. A kowane mataki wanda ya mutu ba shi ne ya yi laifin da aka kashe shi dominsa ba. Kamanninsa kawai aka duba, ko harshensa, ko garin da ya fito. Kuma wutar da muke jin labarinta can gabas ta gangaro kudu a 'yan shekarun nan, ta taɓa Tureta da Dange Shuni har ƙauyukan Shagari.

Wanda kuma yake ganin shi ya tsira saboda shi Bahaushe ne, to ya tuna da Uromi ta jihar Edo. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 'yan jihar Kano suna kan hanyar komawa gida hutun salla, aka ga bindigogin farauta a motarsu, aka ce masu garkuwa ne, aka kashe 16. Duk Arewa muka yi kuka, muka ce don me ba a kai su wurin hukuma an bincika ba? Tambayar daidai ce. Amma mutumin Uromi da ya ɗauki fetur, labari ne ya cika masa kai, labarin da ya ce duk ɗan Arewa mai makami ɗan ta'adda ne. Irin wannan labarin ne wasunmu ke rubutawa da Hausa, sunan ƙabilar kawai suka sauya. Laifi tudu ne.

Tarihin ƙasarmu ma ya ishe mu ishara. Gabas da mu kaɗan, wajen Danchadi da Dange, akwai kufan Satiru. A ranar 14 ga Fabrairu 1906 mutanen garin, galibinsu talakawa manoma da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, suka kashe Turawa uku da sojojinsu fiye da 20. Ranar 10 ga Maris rundunar Turawa tare da mayaƙan Sarkin Musulmi Attahiru na biyu suka dira a garin, aka kashe mutum wajen 2,000, aka kwashe mata da yara, aka baje garin, aka hana kowa sake zama a wurin. Jagoransu, Ɗan Makaho, an kai shi Sakkwato an yi masa shari'a kafin a kashe shi. Sauran dubban fa, wace kotu ta saurare su? Farin mutum uku ya jawo an shafe gari sukutum. Shekara fiye da ɗari muna kiran wannan zalunci, kuma zaluncin ne. To yaya za a yi jikokin waɗanda suka ga Satiru su zauna suna tsara labarin da jaruminsa ke yi wa ruga abin da aka yi wa Satiru, mu kuma mu tafa?

Na san amsar da za a ba ni, domin an sha ba ni ita. Za a ce, Malam, kana so mu yi ƙarya ne? Ai kowa ya san manyan 'yan bindigar daji Fulani ne. Ban musa ba, kuma ban ce a mayar da su mutanen wata duniya ba. Amma Bello Turji suna gare shi, an san ƙasar da ya fito, an san mutanensa. Haka sauran. Idan gaskiya ake so, to a faɗe ta duka. Da ɗan gari akan ci gari. Wa ke kiran waya ya ce wane ya sayar da shanu yau, kuɗi na gida? Wa ke kai fetur daji a jarka, wa ke kai burodi da ƙwaya da katin waya? Wa ke sayen shanun sata a rabin kuɗi ya loda su a tirela? Ta hannun wa bindiga ke ƙetaro iyaka? Waɗannan mutane a cikin gari suke, wasunsu sahun gaba suke salla, kuma ba su da ƙabila ɗaya. Sannan makiyayi nawa ne aka kore wa garke tun kafin satar mutane ta zama sana'a, ya wayi gari ba saniya ba akuya, yanzu yana tsoron daji yana tsoron kasuwa? Marubucin da ya bar duk waɗannan ya kama rawani da sanda kawai, rabin gaskiya ya faɗa, kuma ragwanci ne ya sa shi, domin ƙera mutum mai rai a takarda ya fi zagin ƙabila wuya.

Akwai kuma masu cewa a yi shiru, a rufa asiri, naka sai naka, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Su ma ban bar su ba. Wannan rufin asirin shi ne abincin ta'addanci. Uwa ta san ɗanta ya shigo da babur sabo ba ya sana'ar komai, ta yi shiru. Mai unguwa ya san gidan da baƙi ke sauka da dare, ya kawar da kai saboda gidan surukansa ne. Arɗo ya san yaran da suka bar kiwo, yana tsoron ya faɗa a kashe shi, yana kuma tsoron ya faɗa a zo a kwashe rugar duka. Ɗan sa-kai ya ga abokinsa ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba saboda tsohuwar gabar gona, ya haɗiye. A nan labarin yake, ya ku marubuta! Mutumin da ke tsaye tsakanin jininsa da gaskiya, ya san in ya yi magana dangi za su tsine masa, in ya yi shiru wani zai mutu gobe. Addininmu ya umarce mu da tsayar da shaida ko da a kan kawunanmu ne ko iyaye ko dangi, ya kuma hana a kama wani da laifin wani. Mai neman abin da zai sa mai karatu ya kasa ajiye littafi, ga shi nan a ƙofar gidansa, ya tsallake ya tafi neman bindiga mai jigida.

Shugabannin da muke alfahari da su ba su ji kunyar rubuta rikicin cikin gida ba. Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa, nan ƙasar Boɗinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Shi Malam Abdullahi ya bar mana Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da shari'a, Kitabul Farƙi na Shehu kuwa ya lissafa cin hanci da ƙwace dukiyar talaka cikin abubuwan da aka yi jihadi don kawar da su. Bayan rasuwar Shehu a 1817, almajirinsa Malam Abdussalami, Ba'are, mutumin Gimbana, ya yi tawaye a Kware yana ganin ba a yi masa adalci ba wajen rabon ƙasa. An yi yaƙi, an ci Kware a farkon 1818. Amma da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zo rubuta abin da ya faru a Sardul Kalami, sai ya kawo wasiƙun Abdussalami da ƙorafe-ƙorafensa, sannan ya ba da tasa amsar. Wanda ya ci yaƙi ke nan, ya bar wa na baya hujjar abokin gabarsa domin su auna. Mu da ba mu ci yaƙin komai ba, mun kasa ba wa ɗaya ɓangaren ko layi biyu.

Saura masu cewa kotu ba ta da amfani a ƙasar nan, don haka sa ta a labari yaudarar mai karatu ne. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ina jin zafin da ke bayanta. An sha kama mutum a miƙa wa hukuma, bayan sati biyu a gan shi a kasuwa yana cin tsire. To amma wa ya ce ku rubuta kotun mala'iku? Ku rubuta ta yadda take. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, ku nuna mana wanda ya yi wata uku a bayan kanta. Sashe na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, ku nuna mana yadda ake jera waɗanda ake zargi gaban 'yan jarida tun ba a kai su kotu ba. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 sun hana kama wani a madadin wani, ku nuna mana tsohon da aka tsare don ɗansa ya gudu. An rubuta beli kyauta ne a bangon caji ofis, ku nuna mana gonar da aka jinginar kafin a samu wannan kyauta. Ku nuna yadda ake kai tuhumar fashi ko kisa kotun majistare wadda ba ta da hurumin saurarenta, a tura mutum gidan yari jiran shawarar lauyoyin ma'aikatar shari'a, fayil ya kwanta, shekaru su shuɗe. Kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen gyaran hali a Nijeriya jiran shari'a suke yi. Kowane ɗaya daga cikinsu littafi ne. Marubuci nawa ne a cikinmu ya taɓa zama a bencin kotu daga safe zuwa azahar ya ji yadda ake rantsar da shaida, ko yadda alƙalin kotun Musulunci ke yin i'izari kafin ya yanke hukunci?

Kuma ba kullum kotun ke faɗuwa ba. A watan Oktoba na 2001 babbar kotun shari'ar Musulunci ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu hukuncin jifa. A watan Maris na 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a Sakkwato ta rushe hukuncin ta sallame ta, daga cikin dalilan har da cewa abin da ake tuhumarta da shi ya riga dokar fara aiki. Macen ƙauye, matalauciya, duniya duka ta zuba ido, malaman fiƙihu da lauyoyi suna fafatawa da hujja. Wa ya rubuta littafin rayuwarta? Wani ɗan jarida ne daga Italiya. Mu muna nan muna rubuta yadda Alhaji ya saya wa amarya mota.

A waje ma haka masu wannan fanni suke yi. Wata baƙar fatar Amurka, Attica Locke, ta fitar da Bluebird, Bluebird a 2017. Jaruminta jami'in tsaro ne baƙar fata a jihar Texas, yana binciken gawa biyu a wani ƙaramin gari, ta baƙin lauya da ta farar mace. Farare ba su yarda da shi ba saboda launinsa, 'yan'uwansa baƙaƙe ba su saki jiki da shi ba saboda kakinsa. Cire Texas ka sa Shagari. Ka ba mu sajan ɗan sanda wanda uwarsa 'yar ruga ce, ubansa manomi. An tsinci gawar makiyayi a bakin fadama, an kuma sace ɗan mai gari a dare ɗaya. Gari ya ce a faɗa wa ruga, ruga ta fara ɗaure kaya. Bincikensa ya kai shi ga mai kai wa 'yan daji rahoto, sai ya tarar ɗan baffansa ne, mai shagon cajin waya, wanda ya kashe makiyayin kuma ɗan sa-kai ne da gari ke yi wa kirari. Shaida ɗaya ce tak, wata mai tallar nono, in ta buɗe baki ba ta da wurin kwana a gari ko a ruga. Za ta zo kotu ranar da aka sa? In ta zo, za a saurare ta ko za a ɗage zaman? In kana son soyayya ma ka saka, babu wanda ya hana. Wallahi mai karatu ba zai yi barci ba sai ya ga ƙarshensa.

Kada kuma a fake da kasuwa a ce irin wannan ba ya sayuwa. Haka aka ce mata ba za su karanta labarin da ya tona halin mazajensu ba, sai ga Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ya zagaye gidaje tun 1990, har aka fassara shi zuwa Turanci. Masu karatunmu ba yara ba ne. Da yawansu sun haɗa kuɗin fansa da hannunsu, wasu sun yi jigilar kai abinci gidan yari, sun fi mu sanin yadda abin yake.

Yaran da ke karanta mu yau a waya su ne 'yan sandan gobe, su ne alƙalai, su ne kuma za su tsaya a shingen sa-kai da dare riƙe da tocila suna haska fuskar matafiyi. Abin da muka zuba musu a kai shi zai yanke hukunci a wannan daƙiƙar, tun kafin bakinsu ya tambayi sunansa. Don haka roƙona ga duk mai shirin rubuta labarin 'yan bindiga, ka ba mai laifinka suna da uwa da gari, ka nemo abokan cin mushensa na cikin gari, ka ba wanda ake zargi baki ya yi magana, sannan ka ja labarin har gaban alƙali, ko da alƙalin zai ci amana ne mu gani da idonmu. Wanda maganata ta ɓata wa rai ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma fili a buɗe yake ga mai raddi. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu. Wassalam.